Ina "Wai" Ta Shiga? Nazari a Kan Saƙon Murya da Yaɗuwar Labari a Birnin Kano

Tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara harkar wayar salula a Nijeriya, masu nazarin Hausa ba su gushe ba suna kokawa a kan abin da wannan na'ura ta yi wa rubutun harshen. Kukan kusan iri ɗaya ne ko'ina: an watsar da haruffa masu lanƙwasa, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba waɗanda ya kamata a haɗe, sa'an nan ga gutsure kalmomi, har "gaskiya" ta koma "gsky", "lafiya" ta koma "lfy", "zan" kuwa ta zama "xan". Wannan kuka yana da tushe, babu mai musu. Sai dai ya mamaye fagen nazari, har ya hana a lura da wani sauyi wanda ya fi shi nauyi, wanda kuma ya faru a fagen magana, watau a ainihin gidan harshen. Wannan sauyi shi ne abin da saƙon murya ya yi wa hanyar ba da labari.

Batun rubutu ba ya bukatar dogon tsayawa. Ƙa'idojin boko ba su taɓa zama daram a hannun jama'a ba, balle a ce waya ce ta tumɓuke su. Hans Vischer ya fitar da nasa ƙa'idojin a 1912. Haruffa masu lanƙwasa ba su samu gindin zama ba sai a shekarun 1930. An sake zama a Bamako a 1966, aka kuma zauna a Yamai a 1980, duk domin daidaita abin da bai daidaita ba. Duk wanda ya yi aiki da keken rubutu ya san cewa da alƙalami ake bi ana lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ bayan an gama bugawa, in an tuna. Har ila yau, daidaitaccen rubutun kansa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma ba a taɓa jin mai karatu ya ɗauki garin tuwo a matsayin garin Kano ba. Kai, yaron da yake rubuta "qasa" maimakon "ƙasa" ma shaida ce a kan cewa kunnensa yana rarrabe sautukan biyu sarai, maɓallin ne kawai ya gaza masa, shi kuwa ya nemi dabara.

Manhajar WhatsApp ta fito a 2009, a 2013 kuma aka ƙara mata hanyar danna maɓalli a yi magana a aika. A wurin Bature wannan ƙarin sauƙi ne kurum. A cikin ganuwar Kano kuwa buɗe ƙofa ne ga jama'a mai yawa waɗanda saƙon rubutu ya bari a waje: dattijon da karatunsa na allo ne da ajami, da ɗan kasuwar Kurmi wanda hannunsa ba ya rabuwa da kaya, da matan aure na cikin gida. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birni a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a wuyan yara, su ne 'yan talla, su ne 'yan aike, su ne kuma masu kawo labarin waje. Yau wani kaso na wannan aiki ya koma waya, mai sayar da atamfa ko turaren wuta tana ciniki da murya daga ɗakinta. Wannan alheri ne, kuma ya kamata a faɗe shi tun da wuri, domin kada a ɗauka sukan da zai biyo baya kukan tsohon zamani ne. Ba banza ba ne kuma Hausawa da yawa suka sa wa dandalin hira na wannan manhaja suna "zaure".

Yadda labari yake tafiya a da

A birnin Kano labari yana da hanyoyi biyu tun fil azal. Akwai ta hukuma, wadda take fitowa daga fada ta bi ta hannun masu unguwanni da masu shela, ko a ji ta a masallaci. Akwai kuma ta jama'a, wadda cibiyarta kasuwa ce, musamman Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, inda fatake suke sauke labarin ƙasashe tare da kayansu. Daga kasuwa sai zaure, daga zaure sai cikin gida. Da zamani ya zo, ya ƙara wa hanya ta farko ƙarfi: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, rediyo mai waya a Kano a 1944, sashen Hausa na BBC a 1957, har zuwa gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom, wanda ya fara a 2003. Duk waɗannan suna da suna da adireshi, in sun yi kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Hanya ta biyu ba ta taɓa zama tsarkakakkiya ba. Ji-ta-ji-ta ta girmi waya nesa ba kusa ba. Wadda ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ba ta bukaci WhatsApp ba. Saboda haka masu cewa waya ce ta kawo ƙarya cikin birni ba su yi wa tarihi adalci ba. Abin tambaya shi ne, wane birki ne labarin baka yake da shi a da, wanda yanzu ya tsinke?

Amsar tana cikin nahawun harshen. Hausa tana da kayan aiki masu kyau na nuna matsayin mai magana game da abin da yake faɗa. Akwai "in ji wane", wanda yake jingina magana ga mai ita. Akwai "an ce", inda lamirin "an" yake ɓoye mai faɗa, kuma da wannan ɓoyewa yake gargaɗin mai sauraro. Akwai "ashe", ta wanda ya tarar da abin da bai zata ba. Akwai "da idona", ta ganau. A ƙarshe akwai "wai", 'yar ƙaramar kalma wadda aikinta shi ne mai magana ya zare hannunsa: ga abin da ya ji, amma bai ɗauki nauyinsa ba. Bahaushe ya raba ganau da jiyau, ya kuma yanke hukunci cewa gani ya kori ji.

To, a dubi yadda wannan yake aiki idan labari yana tafiya daga baki zuwa baki. Mutum ya ga gobara a Jakara, ya gaya wa maƙwabcinsa a rumfa, ya ce da idonsa ya gani. Maƙwabcin in ya isa Mandawari ba shi da ikon cewa "da idona", sai ya ce wane ne ya gaya masa. Na uku, wanda bai san wanen ba, sai ya ce "an ce". Kafin labarin ya kai Ƙofar Kabuga ya zama "wai an ce". Gaskiya ne a hanya ana ƙara masa gishiri, rumfa ɗaya ta zama goma. Amma yayin da jikin labarin yake kumbura, ƙarfin shaidarsa raguwa yake yi, kuma harshen da kansa ne yake tilasta wannan ragi, domin kowane mai ɗauka dole ya sake gina jimlar da bakinsa, ya zaɓi lamirin da zai sa. Wanda ya ce "na gani" alhali ji ya yi, ya yi ƙarya a gaban mutanen da suka san gidansu, kuma gobe za su tuna masa. Mai sauraro na ƙarshe yana iya auna nisan da labari ya yi tafiya daga yawan "wai" da ya tara, kamar yadda ake gane nisan tafiyar baƙo daga ƙurar ƙafarsa.

Saƙon murya ya kawar da wannan gaba ɗaya. Mai turawa ba ya sake gina jimla, ba ya zaɓen lamiri, yatsa kawai yake sawa. Muryar mutum na farko, da "wallahi da idona na gani" ɗinta, da hakinta, da rawar da take yi, ita ce take isa kunnen mutum na dubu kamar yadda ta isa kunnen na biyu. Labarin bai kumbura ba, wannan kam ci gaba ne. Amma kuma bai tara ƙura ba ko ɗaya. Kowane jiyau yana karɓar maganar ganau kai tsaye, daga ganau ɗin da bai sani ba, ba zai kuma taɓa iya tambayarsa ba. Wanda ya tura kuwa, in abin ya tashi ƙarya, yana da mafita wadda kakansa ba shi da ita a zaure: shi bai ce kome ba.

Abin mamaki ne wannan ya samu karɓuwa haka a garin da unguwanni irin su Madabo suka yi ƙarnoni suna karantar da ilmin da ginshiƙinsa shi ne isnadi, watau wa ya ji daga wa, kuma mene ne halin kowane ɗaya daga cikinsu. Ɗalibin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya san maruwaitansa, shi ne da daddare zai tura muryar da ba ta da mai ita zuwa zaure biyar, duk da umarnin bincika labari da yake karantawa a aya ta 6 ta Suratul Hujurati.

Zubin saƙon

Irin wannan saƙo, wanda aka yi domin ya yaɗu, ya riga ya samu zubi da tsari nasa, har ya cancanci a lasafta shi cikin rassan adabin baka na zamani. Mabuɗinsa sallama ce ga jama'a baki ɗaya, ba ga mutum ɗaya ba. Daga nan sai mai magana ya kafa matsayinsa, kuma a nan ne gwanintar take: ba safai yake faɗin sunansa ba, sai dai ya faɗi aikinsa ko wurin da yake tsaye, ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, ko yanzu ya fito daga maƙabarta, ko ƙaninsa ne abin ya faru a gabansa. Suna ana iya bin sawunsa, matsayi kuwa ba a iyawa, amma yana ba da kwarjinin suna. Sai rantsuwa, sau da yawa tun kafin a faɗi abin da ake rantsuwa a kansa. Sai gundarin labari, cikin gajerun jimloli da maimaici. Marufinsa roƙo ne a tura wa 'yan'uwa don Allah don Annabi, wani lokaci har da ɗora alhaki a kan wanda ya ji ya yi shiru.

In aka gwama wannan da tatsuniya sai bambancin ya fito fili. Tatsuniya tana buɗewa da kalmomin da suke sanar da kowa cewa an shiga duniyar ƙage, tana kuma rufewa da mai yin ta yana amsa cewa ƙarya ya shirga, Gizo ne ya cece shi. Saƙon murya yana aron dabarunta na jan hankali, da hawa da saukar murya, da jinkirta bayani, amma mabuɗinsa da marufinsa duka biyu rantsuwa ce a kan gaskiya.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ba a cika kula da ita ba. Kalmomin "yau" da "jiya" da "yanzun nan" da "nan unguwarmu" ba su da ma'ana sai an san ranar da aka faɗe su da wurin. A zaure wannan ba ya bukatar bayani. A waya kuwa "yanzun nan" ba ta tsufa: muryar da aka ɗauka a kan wani tashin hankali na shekarun baya tana iya farfaɗowa ta hana mutane fita kasuwa, ba tare da an sauya mata ko harafi ɗaya ba. A nan babu wanda ya yi ƙarya, amma an yaudari kowa.

Watan Afrilu na 2020

Kuskure ne a fahimci wannan bayani da cewa saƙon murya ƙarya ne, sanarwar hukuma kuwa gaskiya. Abin da ya faru a Kano a 2020 ya isa ya rushe wannan zato. A ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a jihar, bayan 'yan kwanaki aka hana fita. Kasuwa ta rufe, zaure ya watse, masallatai suka yi shiru, ga azumi ya kama. Watau duk wuraren da ake tace labari ido da ido sun tafi a lokaci guda, aka bar mutane da rediyo da waya. A cikin wannan hali ne muryoyi suka fara yawo cewa ana mutuwa fiye da kima, musamman dattawa, kuma masu haƙar kabari a maƙabartu irin su Dandolo da Abbatuwa sun gaji. Gwamnatin jiha da fari ta musa cewa akwai wani abin da ya wuce al'ada, daga baya ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Cikin waɗanda aka rasa a ƙarshen watan akwai sanannun mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi. A ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano na mako biyu. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon bincike: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin gari a wannan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta jawo.

Ke nan a kan babban batu, watau ko ana mutuwa ko ba a yi, muryoyin waya sun riga hukuma faɗin gaskiya. Amma a cikin zaurukan nan guda, da irin wannan sallama da irin wannan rantsuwa, wasu muryoyin suna cewa cutar ba ta kama baƙar fata, ko ba ta jure zafin Kano, ko dabarar cin kuɗi ce kawai, ko ga haɗin da yake warkar da ita cikin kwana uku. Mutumin da yake kulle a gidansa a Yakasai, da tsoho mai tari a ɗaki, ba shi da wata alama a cikin harshen saƙon da zai rarrabe wannan da wancan. Dukansu ganau ne, babu mai "wai". Wanda ya gaskata na farko ya killace mahaifinsa, wanda ya gaskata na biyu ya tafi gaisuwar mutuwa ya yi musafaha da jama'a.

Abin lura kuma shi ne hanyar da masu binciken suka bi. Tun da an riga an binne mamatan bisa sunna, ba a yi musu gwaji ba, sai aka bi gida gida ana tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Wannan ma labarin baka ne, ba wani abu ba. Bambancinsa da na waya shi ne an san wanda ya faɗa, da dangantakarsa da mamacin, da ranar da abin ya faru. Isnadin da yatsa ya tsinke, shi aka koma aka ƙulla da ƙafa.

Tsinkewar tana da wata fuska, wadda take cutar mai magana maimakon mai sauraro. Maganar zaure tana da iyaka, bango huɗu ne da mutanen da aka sani, kuma Bahaushe yana auna kalmarsa da wanda yake gabansa. Zauren waya sunan kawai ya ara, bango kam ba shi da shi. A farkon 2020 wani matashin mawaƙi na cikin birni ya sa wata waƙa a wani zauren WhatsApp, ta fita daga nan ta bazu. Aka ƙone gidan iyayensa, a watan Agusta kuma wata babbar kotun shari'a ta yanke masa hukuncin kisa bisa laifin ɓatanci, hukuncin da babbar kotun jiha ta soke a Janairun 2021 ta ce a sake shari'a. Hukunci a kan abin da ya faɗa aikin malamai ne da alƙalai. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne taron da ya isa ƙofar gidan tun kafin kotu ta zauna, taron da muryar da aka tura ce ta tara shi.

Kamfanin WhatsApp ya yi nasa ƙoƙarin. A 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma ya mai da saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa zuwa wuri 1. Wannan alama, in an duba da kyau, yunƙuri ne na ƙera wa na'ura "wai" tata. Sai dai rauninta a bayyane yake. 'Yar kibiya ce da ƙaramin rubutu a saman saƙo, ana ganinta da ido, alhali saƙon da kunne ake karɓarsa, kuma sau da yawa waya ɗaya ce ake kunnawa mutum goma suna saurare a teburin mai shayi, ba wanda ya ga fuskarta sai mai ita. Wanda ya koma ga murya domin karatun boko ya yi masa wuya, shi ne aka rubuta wa gargaɗi. "Wai" ta Hausa kuwa a cikin jimla take zaune, ba a iya jin labarin ba tare da an ji ta ba. Ga shi kuma yanzu kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar mutum sananne, har ma sanin mai murya ya daina zama hujja.

Duk da haka kalmar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Duk mai bibiyar zaurukan nan zai lura cewa a ƙarƙashin irin wannan saƙo, bayan masu addu'a da masu salati sun wuce, akan sami wani ya rubuta ko ya faɗa: "Wai da gaske ne?" Wannan ba "wai" ta mai ba da labari ba ce, wadda take zare hannu, ɗaya "wai" ɗin ce, ta mabuɗin tambaya, irin ta "wai ina ka shiga?" Ta tashi daga bakin mai kawowa ta koma bakin mai karɓa, ta kuma tashi daga gaban labari ta koma bayansa, bayan an riga an ji rantsuwar, wani lokaci ma bayan an riga an tura. A zauren da mutane suka san juna, kamar na dangi ko na 'yan unguwa ɗaya, tambayar takan sami amsa, wani ya ce shi yana Ƙofar Mata yanzu kuma babu abin da yake faruwa. A manyan zauruka na mutum ɗari biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, yawanci wani sabon saƙon ne yake sauka a kanta.